Ba a Goge Sunan Baƙo

Saƙon ya shigo ranar Talata da hantsi, lokacin Dakta Kuramochi Chizuru tana ɗakin tankuna cikin takalman roba, tana ba hoyarta abinci, 'yar halittar tekun nan da Japanawa ke kira hoya. Da hannu ɗaya ta karanta shi a waya, ɗayan hannun na riƙe da butar ruwan gansakuka. Ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta mayar da wayar aljihu ta ƙarasa zuba wa tanki na bakwai da na takwas, don hoya ba ruwanta da saƙon kowa.

Ba fa irin jar hoyar nan mai ƙuraje da masunta ke yankawa a ci da ruwan tsami ba. Wannan ƙanwarta ce, 'yar siririya, garau kamar kwalba, kana tsaye kana kallon hanjinta. Ba ido, ba ƙafa, ba ta ma san mai ciyar da ita ba. Amma Chizuru ta raine su a tanki haihuwa talatin da huɗu a jere, ba tare da ta koma teku ta ɗebo sababbi ba, abin da ya gagari kowa a wannan tashar bincike ta gaɓar arewacin Japan tun da aka kafa ta. Ta san uwar kowace da kakar kowace. Bikin ƙanenta ma a tsaitsaye ta halarce shi, ta biyo jirgin ƙasan yamma ta dawo saboda ana sa ran ƙyanƙyasa.

To, kwantiraginta da jami'a na shekara goma ne, kuma ba a sabunta irinsa. Ranar talatin da ɗaya ga Maris za ta miƙa mabuɗi, washegari a kashe injin da ke jawo ruwan teku zuwa ɗakin, tunda jami'a ba ta riƙon dabbar da ba ta da ubangida. Kwana biyu ba ruwa mai gudu, shi ke nan sai a zo da abin kwasa. Ta rubuta wa tashoshi huɗu ko za su karɓi rainon, kowace ta amsa da yabo mai tsawo da kuma cewa ba ta da fili.

Ƙofa ɗaya ta rage mata. Akwai wata gidauniya a Turai da ke ba masu binciken halittu tallafin shekara uku, kuma duk wanda ya samu, jami'arsa ba ta da zaɓi sai ta bar masa ɗaki da kujera. Sai dai gidauniyar akwai tsirfa. Ba ta ba mutum ɗaya, sai ƙungiya. 'Yan ƙungiyar su fito daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da fanninsa, sannan sharaɗin da aka ja wa layi: kada ya zamana sun taɓa wallafa wani aiki tare. Baƙin juna take so, wai a nan sabon tunani ke tsirowa. Chizuru ta samo wata masaniyar lissafi a Chile, ta kuma samo Dakta Duarte Valadão, masanin fiziks a Portugal, gwani a kan yadda ruwa ke gudu a matsattsun wurare. Tambayarsu guda ce. Ɗan hoya yana ƙyanƙyashewa da wutsiya kamar talibambam, ya yi iyo na yini ɗaya, sannan ya manna kansa a wuri guda har mutuwa. Yaya yake zaɓen wurin? Wata takwas suna rubutu, har suka tsallake zagayen farko inda aka zubar da yawancin masu nema.

Saƙon ranar Talatar kuwa cewa ya yi, cikin ladabi mai sanyi, ofishin gidauniya ya ci karo da wata maƙala a mujallar masana halittun teku ta gida, wadda ta fito shekara goma sha biyu baya, a kan hanyar rainon hoya a tanki. Sunaye uku ne a kanta: Tsurumaki, Valadão, Kuramochi. An ba ta kwana goma a gyara lamarin, in ba haka ba a soke takardarsu.

A yi mata adalci, ba ƙarya ta yi ba. Da fom ya tambaya ko sun taɓa aiki tare, da zuciya ɗaya ta sa "a'a", don ba su taɓa ba. Maƙalar tata ce tun daga farko har aya ta ƙarshe, aikin digirinta na shekara huɗu. Farfesa Tsurumaki, shugaban tasha, sunansa ya zo farko saboda shi ne shugaban tasha. Duarte kuwa a lokacin ɗalibi ne, ya ratso tashar na kwana uku a hanyarsa ta zuwa wani taro, ɗauke da kwalbar giya daga malaminsa, tsohon aminin Farfesa. Kyauta ta shigo gida, dole a mayar da wani abu. Farfesa ya duba, kwalin alewa ya yi kaɗan, hoton bango ba ya shiga jaka, ga kuma maƙala tana shirin tafiya ɗab'i. Sai ya sa sunan yaron a tsakiya. A wurin Chizuru wannan ladabi ne, ba aiki ba, ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mata a rai cewa wani zai ɗauke shi a matsayin aiki ba.

Ta sami Oikawa a bayan ɗaki yana wanke rariyar injin. Shi ne mai kula da injuna da kwale-kwalen tasha, tsohon masunci ne, ya girmi kowa a wurin ban da ginin.

"Oikawa-san, ka tuna Baturen nan na Portugal?"

"Mai amai?"

"Shi."

"Wa zai manta? Tun kafin mu bar bakin gaɓa ya fara. Na miƙa masa bokitin ɗiban ruwa, bai sake shi ba sai da muka dawo." Ya ɗago ya dube ta. "Mutuwa ya yi?"

"A'a. An ce mun yi aiki tare."

"Af, ai ya cika bokiti." Ya ci gaba da wanki.

Da la'asar ta kira Duarte ta bidiyo, can safiya ce, yana tauna burodi. Ta yi masa bayani sau biyu kafin ya gane.

"Wace maƙala? Ni? A kan hoya?" Ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Ashe kwafin da Farfesa ya aika masa tare da katin sabuwar shekara ya tafi ne ɗakin kwanan ɗaliban da ya riga ya bari. "Haba Chizuru, abin da na gani a tasharku ƙasan kwale-kwale ne kawai. A cire sunana mana! Yau ɗin nan. Ina zan sa hannu?"

Da abin a hannun Duarte yake, da an gama kafin ya ƙarasa burodin. Amma mujallar ba ta sauya suna sai babban marubuci ya nema da kansa, da hatiminsa, tare da dalili a rubuce.

Ranar Alhamis ta hau sama wurin Farfesa Tsurumaki da kwalin alewar wake daga shagon da yake so. Shi ma a Maris zai ajiye aiki, amma nasa da lacca ta ban-kwana da furanni da liyafa a otel. Ofishin cike da kwalaye. Ya zuba mata shayi da kansa. Suka yi maganar sanyin bana, suka yi maganar tsadar kwali, suka yi maganar gwiwarsa. Sai da shayi ya huce sannan ta sunkuya.

"Sensei, wata 'yar matsala ce ta taso a kan maƙalar nan ta raino. Sakacina ne, ban duba da kyau ba."

Ta miƙa masa saƙon da hannu biyu, ta buga shi a takarda da manyan haruffa saboda idonsa. Ya karanta a hankali. Ta ce Duarte-san da bakinsa ya yarda a cire sunansa, har yana roƙo.

Farfesa ya karkata kai, ya ja iska ta tsakanin haƙora. "Abin da ɗan wuya."

Duk wanda ya yi wata shida a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Ba za a yi ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Amma Chizuru tana da tanki takwas a ƙasa, sai ta yi kamar ba ta ji ba.

"Shi da kansa ya ce, Sensei."

"Ai dole ya ce haka. Yaro ne mai tarbiyya. Shi ya sa ma ba za a yi masa ba." Ya ajiye takardar ya daidaita gefenta da gefen tebur. "Malaminsa ya sauke ni a gidansa wata biyu ina saurayi, ban san kowa a Lisbon ba. Bara ya rasu. Yanzu in bi shi kabari in ce ya dawo mini da kyautata? Kuma me zan rubuta a wurin dalili, Kuramochi-kun? In ce na sa sunan baƙon da bai taɓa komai ba? Saura wata biyu laccata."

Ya ɗaga kai yana kallon rufi. Mutumin ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. Da gaske yake neman mafita, har goshinsa ya yi layi. Can sai fuskarsa ta washe.

"Tsaya. Su mutanen nan me suka ce? Kada sunanki da nasa su haɗu a takarda ɗaya?"

"E, Sensei."

"To ai sunaye biyu ne."

Ba ta gane ba da farko. Da ta gane, sai ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Ke 'yar gida ce," ya ce, yana murmushi irin na wanda ya warware wa yaro lissafi. "Baƙo ake jin kunya, ba a jin kunyar 'yar gida. Sai a rubuta cewa ɗaliba ce da ta taimaka da aikin yau da kullum, aka sa sunanta don ƙarfafa mata gwiwa. Ba wanda zai ga laifin malami a kan wannan. A mayar da ke wurin godiya a ƙarshen maƙala. Editan ma ɗalibina ne, kwana uku ya ishe shi." Ya ɗauki alewa ɗaya. "Kin gani? Komai yana da hanya."

Shekara huɗu. Sanyin arewa huɗu tana tsoma hannu a ruwan teku har fatar yatsunta ta tsage. Haihuwa ta farko ta mutu, ta biyu ta mutu, sai a karo na sha ɗaya ta gano cewa zafin ruwan ne ake saukewa kaɗan-kaɗan cikin kwana shida. Mahaifinta, da bai iya Turanci ba, ya sa shafin farko na maƙalar a firam ya rataye kusa da hoton kakanni. Baƙin ciki ya cika ta, irin wanda in ta buɗe baki ba ta san me zai fito ba. Sai ta miƙe, ta rusuna, ta ce, "Na gode, Sensei, da ka ba ni lokacinka. Zan yi tunani."

"Ki tafi da alewa biyu," ya ce.

Ta tafi da alewa biyu.

Oikawa ya ji labarin yana tsugune yana ɗaure tiyo. Ya saki tiyon, ruwa ya feso masa a wando, bai kula ba.

"Tabɗi! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni fa ina nan. Ni nake buɗe miki ƙofa ranar sabuwar shekara. Mai amai ya zama gwani, ke kin zama 'yar wanke-wanke?"

"Mai taimakawa da aikin yau da kullum."

"Duk kanwar ja ce. Ki hau ki faɗa masa gaskiya a fuskarsa."

"Ya san gaskiyar, Oikawa-san. Ba ita ce ta ɓata ba."

"To ki rubuta wa Turawan ki gaya musu yadda aka yi."

Ta riga ta rubuta, tun ranar Talata da yamma. Sun amsa cewa sun fahimta ƙwarai, sun kuma tausaya, amma su abin da ke rubuce a mujalla suke bi.

"In ka san wani injin da ba a kashewa ranar ɗaya ga Afrilu," ta ce, "nuna mini."

Oikawa ya ɗauki tiyonsa. Ya daɗe yana ɗaurin da ba ya buƙatar daɗewa, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Duk a kan hoyoyin da ko kallonki ba sa yi."

"Ba su da ido."

"Shi na ce."

Ranar Litinin ta je ofishin tasha. Farfesa ya riga ya buga hatiminsa a fom, tsaf, ja jawur. Ta karanta dalilin da ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa, ta ciro nata hatimin, ta danna a tawada, ta danna a takarda. Malamar ofis ta ɗaga takardar ta duba ta a hasken taga, ta ba da haƙuri har sau uku, ta ce gefe ɗaya na hatimin ya dusashe, mujalla ba za ta karɓa ba. Aka buga sabon fom, aka hau sama Farfesa ya sake bugawa, aka sauko. Karo na biyu ya fito sarai.

Ta aika wa Duarte layi ɗaya cewa an gyara. Ya amsa da godiya da hoton hannu yana tafi. Bai tambayi yadda aka gyara ba, ita ma ba ta faɗa ba. Gidauniya ta rubuto cewa yanzu ƙungiyar ta cika sharaɗi, an miƙa takardarsu ga alƙalai.

Farkon Maris aka yi laccar ban-kwana. Chizuru ce a kan na'urar haska hotuna, tunda ita ta fi kowa sanin tsarin laccar. A hoto na talatin da ɗaya shafin farko na maƙalar ya cika bango, sabon bugu, sunaye biyu. Farfesa ya ce wannan shaida ce cewa tasharsu ta fara haɗin gwiwa da ƙasashen waje tun kafin abin ya zama yayi. Muryarsa ta yi rawa da ya ambaci amininsa marigayi, wasu a gaba suka share hawaye. Aka yi tafi. Ya ɗaga mata kai, ta danna hoto na gaba.

Sakamako ya zo ranar sha bakwai ga wata, saura mako biyu a karɓi mabuɗi. Sun samu. Ta zauna a kan kujerar roba ta ɗakin tankuna, ta yi kuka kaɗan don murna, ta share. Injin zai ci gaba da ƙugi shekara uku. Sannan ta buɗe shafi na biyu, inda alƙalai suka rubuta ra'ayinsu.

Sun yaba tambayar, sun yaba lissafin. Damuwarsu guda ce. Duk aikin ya rataya ne a kan rainon hoya a tanki, kuma a cikin wallafe-wallafen Dakta Kuramochi ba su ga wata shaida cewa ta ƙware a wannan ba. An yi sa'a, in ji su, ƙungiyar tana da Dakta Valadão, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro hanyar. Don haka an ba da tallafin bisa sharaɗin shi zai jagoranci ɓangaren raino, ita kuma ta je ɗakin bincikensa wata uku a shekarar farko ta karɓi horo.

Wayarta ta yi ƙara da la'asar. Duarte ne, wannan karon ba burodi. Ya buɗe mujallar, ya gani.

"Chizuru, me kika yi?"

"An gyara. Na faɗa maka."

"Sunana nake nufi a cire! Nawa! Wannan ai hauka ne. Zan rubuta musu yanzu in faɗi komai."

"In ka faɗa, sunana ya koma, mun taɓa aiki tare, su janye tallafin. Saura kwana goma sha biyar a kashe injin."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ta ga kunya ta kama shi sosai, har ta ji tausayinsa, shi da bai roƙi kowa komai ba.

"A ɗakina ko tanki babu," ya ce a hankali. "Kuma sun ce in aiko musu da tsarin horon da zan ba ki kafin ƙarshen wata. Me zan rubuta?"

"Shafi nawa suke so?"

Ya duba. "Biyu."

"To zan rubuta," ta ce. "Gobe da safe za ka gani. Kai dai ka sa sunanka."